Shekarar da 'Yan Dirama Suka Ari Turmina

Hauwa, ke da Rabi ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Tun da ubanku ya turo ku wurina wai in koya muku sayar da abinci, ina jin abin da kuke faɗa a bayan rumfa. Wai mene ne abin wahala a ciki, ba tuwo ba ne da miya, kowace mace ta iya. Wai da kun buɗe naku wurin za ku jera kujerun roba, ku ɗauki hoton abinci ku watsa a waya, 'yan dirama su kwashe su koma wurinku tunda su ke jawo jama'a. Ni gwaggonku ce, ba zan rufe ku ba, wannan maganar banza ce. Tuwon gida daban, tuwon sayarwa daban. Su kuma 'yan diramar da kuke kwaɗayi, ku bari in gaya muku abin da suka taɓa yi mini, ku san irin baƙin da kuke gayyata.

A Gummi na koyi aikin nan, a hannun Inna Tumba, yayar mahaifiyarmu, wadda take da rumfa a bakin tasha. Na daɗe a wurinta ban taɓa muciya ba. Aikina wanke tukwane da toka da yashi, ɗebo ruwa, faskare, sai surfe. Ku da kuke sayen gari a leda ba ku san surfe ba. Dawa sai an yayyafa mata ruwa daidai kafin a sa taɓarya. Ruwa ya yi yawa, ta farfashe a turmi. Ya yi kaɗan, dusa ta ƙi fita, tuwon ya fito baƙi yana ɗaci-ɗaci. Bayan surfe a bakace, a wanke, a shanya, sannan a kai niƙa, a dawo a tankaɗe. Duk wannan kafin a hura wuta.

Ranar da ta fara miƙa mini muciya, ranar kasuwa ce. Na ga direbobi sun fara cika benci, sai na yi gaggawa na zuba gari tun talge bai nuna ba. Tuwo ya fito da gudaji kamar an watsa tsakuwa. Inna Tumba ta gutsira ta murza a yatsa, ta sauke tukunyar gaba ɗaya ta juye wa awaki, ta fita ta ce wa direbobi yau babu tuwo, su yi haƙuri.

Na ce, "Inna, ai in an sa miya ba mai ganewa."

Ta ce, "Mi kic ce? Direban da yac ci gudaji yau, gobe Anka da Sakkwato sun ji labari. Ke tuwo ɗai kika gani, ni sunana nika gani."

Ta mayar da ni wankin tukwane har damina ta wuce.

Da aure ya kawo ni Bukkuyum na kafa tawa rumfar, ita ta ba ni kayan farawa: muciya mai tsawo har ƙirjina, mara ta kwasar tuwo, maburgi, da turminta na icen ƙirya wanda bakinsa ya yi santsi don daɗewa. Manyan tukwanen kuma maƙera suka zuba mini, irin waɗanda ake narka tsofaffin kwanoni a yi, da muke kira tukunyar dalma. Tuƙin babbar tukunya a tsaye ake yi, ki tokare da ƙafa, ki juya da kafaɗa, tururi na dukan fuskarki, tuwo na tsalle yana ɗiga miki a hannu. Ku dubi hannuwana, duk tabon nan nasa ne. In kin gama tuƙi ba ki gama ba, sai kin janye itace kin rufe ya sulala, in ba haka ba wanda ya ci zai ji ɗanyen gari a maƙogwaro. Miyar kuka kuma ba a kaɗa ta wuta na ci bal-bal. Daddawata wurin mace ɗaya nake saye. Man shanu kuma Hajjo ke kawo mini, wata Bafulatana daga wajen Gwashi, kuma ko a wurinta sai na shinshina na ɗanɗana.

'Yan dirama inuwa ce ta kawo su. Akwai ceɗiyar nan ta bayan rumfa, a lokacin ta fi haka ganye. Wata rana bayan la'asar Malam Bawa, malamin firamare, ya yi sallama ya ce suna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, ba su da wurin gwaji, ko zan bar su su riƙa zama a gindinta. Na ce inuwa ta Allah ce. Shi ke tsara musu wasa. Akwai Isa mai gyaran rediyo, wanda kullum shi ne mai gari saboda muryarsa. Akwai Ɗanjumma tela, shi ke fitowa a mace, tunda a nan ba macen da za ta shiga fili ta yi wasa. Sauran suna zuwa suna tafiya.

Ciyar da ɗan wasa ma sai an koya. Ranar da za su fita fili ba a ba su tuwo mai nauyi, ba a ba su yaji, ba a ba su abin da aka soya da mai, don murya na shaƙewa. Kunun tsamiya nake dama musu da citta da kanumfari, mai ɗumi, ba mai zafi ba. In sun dawo kuwa ci suke yi kamar masu girbi. Surutu gare su, kuma mutum ɗaya sai ya shafe yamma guda a kan kwano ɗaya. Amma mutane na zuwa kallon gwajin kyauta, in sun zo kuma ƙamshin miya ya kama su. Da haka aka daina cewa rumfar Kulu, aka koma cewa Rumfar 'Yan Dirama. Baƙo in ya sauka a mota yana neman su, nan ake nuna masa. Aro kuwa ba irin wanda ba su yi ba: tabarma, akushi, tsohon zane, ludayi. Ban taɓa hana su ba. Inna Kulu suke ce mini, ni ma kamar ɗiyana na ɗauke su.

Sai shekarar gubar dalma ta zo. Kuna ƙanana, ba za ku tuna ba. Mutane sun samu zinari, suna kwaso dutse daga rami suna kaiwa cikin gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin hatsi, ƙurar na sauka a inda yara ke rarrafe. Yara suka fara sanƙarewa suna mutuwa, a 'Yargalma da wasu ƙauyuka. Ma'aikatan lafiya suka zo da motoci, ana ɗaukar yara, ana kankare ƙasar gidaje ana kwashewa a binne. Kowa a tsorace yake. Ni tun da na ji an ce ƙurar dutse ce, na daina kai niƙa ko'ina sai wurin Sani mai inji, don shi ya ƙi karɓar dutse ko nawa za a ba shi. Masu haƙa in sun zo cin abinci da ƙura a jiki, sai sun kakkaɓe can nesa sun wanke hannu da fuska kafin su matso.

Wata ƙungiya ta ɗauki su Malam Bawa aikin zagaya kasuwanni su yi wasan jan kunne. Na yi murna, na ce aikin lada ne. Da safe Ɗanjumma ya zo yana washe baki.

Ya ce, "Inna Kulu, aron turmi nika so, da taɓarya, da tsohuwar tukunya guda. In da zanen da ba ki ɗaurawa, shi ma ki taimaka."

Na ce, "Wane irin wasa na wanga, har da turmi?"

Ya ce, "Na wayar da kai na, Inna. Za ki ji daɗinai."

Sabon turmina akwai dawa a ciki, sai na ba shi na Inna Tumba.

Ranar kasuwa suka yi wasan a fili. Ina bakin murhu ina jiyo dariya daga nesa, har ina cewa yau yaran nan sun yi kasuwa. Da azahar, lokacin da benci kan cika har wasu su tsuguna, mutane ƙalilan na gani. Washegari suka ƙara raguwa. Na riƙa kwana da tuwo, in ɗumama, ya ƙi tafiya, in zubar. Su 'yan diramar ma ban ga ƙeyarsu ba, na ɗauka zagayen ƙauyuka ne ya riƙe su. Na ɗauka kuma tsoro ne ya hana kowa cin abincin waje. Amma na lura mai shinkafa da wake da ke tsallaken titi tana sayarwa har ta kankare tukunya.

Hajjo ce ta fasa mini. Ta sauke ƙwaryar man shanu, ta dube ni, ta ce, "Kulu, ke ba ki ji ba? Ko'ina cewa aka yi dutse kika dakawa cikin turmin hatsi. An nuna ki cikin kasuwa, kowa ya gani."

Ban gama fahimtar maganarta ba, a ranar nan wata mata ta zo ta tsaya a bakin rumfa. Ba ta shigo ba, ba ta zauna ba. Yarinya ce, ba ta fi ku da yawa ba. Ta ce daga 'Yargalma take. Ta ce mijinta duk ranar kasuwa yakan sayi tuwo a nan ya ƙulle ya kai wa ɗansu, don yaron na son miyata. Yaron ya rasu.

Ta ce, "Don girman Allah, Inna, ki gaya mini gaskiya. Tuwonki na?"

Na rantse mata. Na jawo turmi na nuna mata cikinsa, na buɗe buhun gari, na ce ta je ta tambayi Sani mai inji. Ta tsaya tana kallona har na gama, ta ja mayafinta ta juya. Ban san ko ta yarda ba. Ban sake ganinta ba.

Da kasuwa ta zagayo ban hura wuta ba. Na tafi filin na kutsa cikin mutane. Ga Ɗanjumma a tsakiya, ɗaure da zanena, ya yi ɗaurin kallabi irin nawa. Kun san ina jan ƙafar hagu tun faɗuwar da na yi da tukunya. Haka yake tafiya, yana jan ƙafar hagu. An sa wa matar suna Inna Kuluwa mai tuwo. Ya zuba dutse a turmin Inna Tumba ya daka, ya juye, ya zuba dawa a kai ko kakkaɓewa bai yi ba. Ya ɗaga tukunyata sama ya ce da jama'a, "Ga ta nan, ta dalma ta, ciki da waje!" Fili ya ɗauki dariya. Sannan ya durƙusa gaban wanda ya fito a mai saye, ya karkace baki ya ce, "Ƙara miya, ɗana, ƙara, ba a tashi da yunwa wurina." Maganata ce. Duk wanda ya taɓa zama a bencina ya ji ta daga bakina. Mai sayen ya ci, ya faɗi yana shure-shure.

Na ga kawuna sun fara juyowa wajena. Ban san lokacin da na shiga tsakiyar fili ba. Na fizge taɓarya daga hannunsa, na juya ga mutane na ce, "Ku ji tsoron Allah! Wa yat taɓa ganin dutse rumfata? Wa yac ci tuwona yak kwanta?"

Wani ya yi ihu daga baya, "Ga ta gaske ta iso!" Sai tafi, sai shewa. Sun ɗauka cikin wasan ne, an shirya Kulu biyu. Ina ƙara ɗaga murya suna ƙara dariya, har wasu na riƙe ciki. Na waiwaya in ga abin da ke ba su dariya haka. Ashe Ɗanjumma ne ya tsaya a bayana, duk yadda na ɗaga hannu ya ɗaga, duk yadda na buɗe baki ya buɗe. Ya ga idona, ya san ba wasa nake ba, bai daina ba, don jama'a na tafi.

Na sunkuya zan ɗauki turmina, sai na ga abin da ke ciki. Ba dutsen hanya ba ne. Dutsen rami ne na gaske suka samo daga ƙauye, wai don ya yi ƙara daidai ya yi ƙura daidai. Garinsa ya shige duk tsagar icen. Masu jan kunnen mutane kan guba, su ne suka daka ta a tsakiyar kasuwa, yara zaune a gaba-gaba. Na kira ma'aikatan lafiya da ke gefe na nuna musu. Suka naɗe turmin da taɓaryar a leda suka tafi da su, aka binne tare da ƙasar gidaje. Haka turmin Inna Tumba ya ƙare.

Da yamma Malam Bawa ya zo. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, wasa na. Mutane sun hi jin saƙo in sun ga wanda sunka sani."

Na ce, "To mi yah hana ka sa uwarka? Ita ma an san ta."

Ban jira amsarsa ba.

Na ce, "Kun ci tuwona, kun sha inuwata, kun ari kayana kun kashe ni da su. Akwai wadda taz zo nan tana tambayata ko ni nik kashe ɗanta. Je ka gaya mata wasa na."

Na kai ƙara wurin mai unguwa. Ya tara su ya ce su cire ni daga wasan, kuma duk inda suka yi shi su koma su faɗa cewa Kulu ba ta taɓa daka dutse ba. Sun koma, sun faɗa. Amma sanarwa ba ta da dariya, ba mai ɗaukar ta ya kai gida. Kwaikwayon kuwa har yara na yi a lungu, suna jan ƙafa in na wuce. Da za su gyara wasan, sai cewa suka yi za su mayar da mai laifin ya zama mai injin niƙa. Na ce a gaban mai unguwa, mai inji nawa ne a bakin kasuwar nan in ba Sani ba? Shi ma so kuke ku rufe shi? Sai a nan suka yi tunani, suka mayar da shi wani magidanci marar suna marar sana'a. Abin da ya kamata su yi tun farko ke nan.

Yanzu ku ji aikin da ya biyo baya, don shi ne sana'ar. Na kwashe komai daga bayan rumfa na dawo da shi bakin titi: surfe, wanki, tankaɗe, duk a idon mai wucewa, rana na dukana. Na ajiye tukwanen dalma na koma na ƙasa, ko da yake na san ba su da laifi, don sunan kaɗai ya isa ya kori mutum. Tukunyar ƙasa ba ta ɗaukar tuwo mai yawa, tana cin itace, in kin tuƙa da ƙarfi ta tsage. Na fasa da dama. Kullum sai na hura wuta na dafa, ko mutum ɗaya bai zo ba, don ranar da aka ga murhuna a sanyaye za a ce ai ga shi, ta amsa laifinta. Awakina suka tafi ɗaya bayan ɗaya a sayen dawa da itacen abincin da ake zubarwa. Kuma tun daga ranar filin nan ban sake ce wa kowa ya ƙara miya ba. Mai so ya miƙo kwano.

Direbobin nesa ne suka fara dawowa, waɗanda ba su ga wasan ba. Sai Isa mai rediyo ya riƙa zuwa kullum, ya ɗauki kwanonsa ya zauna a bakin titi inda kowa zai gan shi, ya cinye ya side hannu. Malam Bawa kuwa, wata ranar kasuwa da azahar ya zo riƙe da hannun ɗiyansa ƙanana, ya zaunar da su a benci na gaba, ya ce in zuba musu. Suka ci a gaban jama'a. Haka ya riƙa yi duk kasuwa har kaka ta shigo. Wannan ne ya dawo da mutane, a hankali, kuma ba duka ba. Akwai gidajen da har yau ba sa aiko kwano. Saboda abin da ya yi na bar su suka koma gindin ceɗiya, da sharaɗin ko tsinken tsintsiya ba zai sake fita daga rumfata zuwa fili ba.

Ɗanjumma sai da ya ga benci ya fara cika sannan ya ɓullo. Ya shigo yana dariya, ya gyara riga zai zauna, ya ce, "Inna Kulu, ai kamata yay yi ki gode mini. Na sa kin yi suna har Gummi."

Na ce, "Kada ka zauna."

Ya tsaya a sunkuye, yana jiran in yi dariya.

Na ce, "Tuwo na sayarwa na, ban hana ka saye. Amma muddin ina da rai ba ka zama cikin rumfag ga, ba ka zama gindin iccen can. Nemi wuri."

Ya ɗauka fushin kwana biyu ne. Ya turo Isa, ya turo Malam Bawa, har liman ya turo. Na ce wa kowannensu abu guda: ya zo da bakinsa ya ce abin da ya yi ba daidai ba ne. Har yau bai faɗa ba. Cewa yake yi shi ɗan wasa ne, abin da jama'a ke so ya ba su. To ni ma mai tuwo ce, rumfa tawa ce. A kan dutsen can na bakin kwalbati yake zama ya ci, abokansa na inuwa suna gwaji, in an zo wurinsa ya ɗago murya daga can. Gemunsa a kan dutsen nan ya yi fari.

Ga shi can ma ya iso, mai shuɗiyar hula. Rabi, tashi ki kwasa masa malmala biyu daga ta ƙasan, ta fi zafi. Ki sa masa man shanu kamar na kowa, kada ki rage masa komai. Ki kai masa can. In ya ce miki rana ta yi zafi yau, ki ce na sani.